Yadda Aka Rataye Hannuna a Bango

Nkechi ce ta raba ni da yankan burodin Jibin Ubangiji. Na faɗi sunanta tun daga farko don kada wani ya ce ina kewaye-kewaye. Ta ɗauki hannuna na dama, wanda na ci abinci da shi shekara hamsin da ɗoriya ban taɓa kwana a asibiti ba, ta mai da shi hoto mai girman ƙofa, kore da rawaya da wani baƙin gashi-gashi, ta rataye a zauren makaranta ranar da rabin Kafanchan ta taru, ta rubuta sunana a ƙasa. Sati bai zagayo ba dattawan ikilisiyarmu suka ce in huta. Ni ban ce na gaji ba. Har yau ina hutawa.

Sunana Dogara. Ɗinkin littafi ne sana'ata, kuma ni ne mai gyara a laburaren makarantar horar da fastoci da ke nan garin. Ku yaran da kuke zaune a shagunan kwamfuta, kuna huda takarda kuna zura mata wannan roba mai kama da hanjin kaza, kuna cewa kun iya aikina, da ku nake. Ku ji yadda aikin yake kafin ku ji yadda aka saka mini.

A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya. Babana ya kama hannuna ya kai ni wurin Oga Nwosu, wani tsohon Inyamuri da ya yi wa reluwe ɗinkin littattafai har ya yi ritaya, ya buɗe ɗan shago kusa da tasha. Na zaci ranar zai ba ni allura. Tukunya ya ba ni. Shekara guda cur ina dama masa ƙullin manne takarda, wanda muke ce wa koko. Sitacin rogo ne, a dafa shi da ruwan ganyen dogon yaro don kyankyaso ya ji ɗaci ya koma gidan maƙwabta. In ya yi ruwa, takarda ta yi kumburi. In ya yi kauri, littafi ya ƙi buɗuwa. In ya kwana ya yi tsami, ka kira ɓeraye biki. Kuma babu injin da zai gaya maka ya yi daidai. Oga zai ce, "Dogara, sa harshe. Harshe ba ya ƙarya. Ido ɓarawo ne." Haka na koya: ka lakata da babban yatsa, ka ɗanɗana, sannan ka shafa da wannan yatsan dai. Zare ma da baki ake jiƙa shi kafin a zura a allura, da haƙori ake yanke shi. Duk mai ɗinkin da ya san kansa haka yake yi.

Kayan aikin ba su da yawa. Allura mai kauri, zare, kakin zuma na murza zaren, wuƙa, da ƙashin haƙarƙarin saniya da aka goge ya yi santsi, na ninke takarda. Sai guntun ƙarfen dogo na danne littafi ya kwana. Nawa Oga ne ya bar mini da zai koma gida. Kada ku tambaye ni inda ya samo shi, mutumin da ya yi aikin reluwe.

Akwai wani Littafi Mai Tsarki na kan bagade da aka kawo mini daga wata majami'a a Gwantu, a cikin buhu, ɗaure a bayan mashin. Ƙaton gaske, sai da hannu biyu. An bar ƙofa a buɗe, akuya ta shiga ta fara daga baya. Fasto ya ajiye mini ya ce, "Baba, ka mai da shi yadda yake." Na duba na ce, "Fasto, daga Farawa zuwa Yahuza zan ɗinka maka. Ru'ya ta Yohanna kuwa tana cikin akuya, sai ka je ka tambaye ta yadda duniya za ta ƙare." Bai yi dariya ba. Sai da na warware littafin kashi-kashi, na liƙa wa kowane shafi da ya yage siririyar takarda, na nemo ƙarshen daga wani tsohon da ruwa ya cinye farkonsa, na haɗa su. Da ya zo karɓa ya juya shi ya ce launin bangon bai yi masa ba.

Littafi ba ya ɓoye wanda ya riƙe shi. Na ɗaliban da suka fito daga wajen Kwoi, in ka buɗe sai ka yi atishawa, don citta ce a hannunsu duk hutu. Na masu aure, manja. Na marasa aure, ɓawon gyaɗa da garin kwaki. Na tsinci ƙayar kifi an sa ta alamar shafi. Na tsinci farce, gashin gemu, tsinken sakace, da sauro an maƙe shi da jinin mai karatu a tsakiyar Littafin Firistoci. Manyan littattafan tauhidi kuwa, dattin yatsa yana tafiya baƙi ƙirin daga farko, ya fara kodewa, kafin rabi ya ɓace. Daga nan zuwa ƙarshe fari fes, kamar ba a taɓa haihuwar mai karatu ba. Masu irin wannan karatun su ne suke tsaya muku a bagade ranar Lahadi. Aikina shi ne in kawar da duk wannan. A kawo mini da datti, in mayar da tsabta. Abin da na sani ke nan.

Shekarar da ba na son tunawa ita ce wadda rufin laburare ya yi yoyo a dogon hutu, tsakiyar damina, ba wanda ya buɗe ƙofa. Ruwa daga sama, gara daga ƙasa, suka haɗu a tsakiya suka gaisa. Da aka buɗe, littattafai sun manne kamar dafaffen alale, fumfuna ta yi musu gemu. Na riƙa shanya su a filin ƙwallo kamar mai shanyar citta, in hadari ya taso in kwashe a guje, in ya wuce in sake fitarwa. Shafi-shafi nake ɓamɓarewa da ƙashin saniya, ina sa tsohuwar jarida a tsakani. Ƙirjina ya yi wata da watanni yana kuka kamar tsohon janareto. Ranar yaye ɗalibai aka tashi aka gode wa mutumin da ya ba da kwanon rufi, aka sa shi ya miƙe aka tafa masa. Ni ina can baya ina jera kujeru.

A majami'armu ne kaɗai aka san darajar hannuna. Tun da daɗewa ni nake yanka burodin Jibin Ubangiji, don mai yankan takarda ba ya karkace. Kowane gutsure daidai da ɗan'uwansa, ba mai leƙa na maƙwabcinsa ya ga an fi shi. Ba biya ake yi ba. Amma ranar ina sa farar riga in tsaya a gaba, kuma ba a farawa sai na gama.

To, ana nan wata rana Madam Saratu, shugabar laburare, ta leƙo ɗakina ta ce, "Baba Dogara, za mu yi baƙuwa daga Legas. Za ta duba tsofaffin littattafanmu, waɗanda aka fi karantawa. Har hoto za ta ɗauka." Iyakar abin da ta ce ke nan, ta tafi taro a Jos.

Ku gaya mini, in an ce maka baƙo na zuwa daga nesa, har da hoto, me kake yi? Ko ƙauyen da ya fi kowane talauci sai an share tsakar gida. Na kwashe littattafan nan duka. Na bi shafukan da roba ina gogewa. Gefen da ya yi baƙi na ci shi da sanfefa, wanda ya ƙi na aske shi da wuƙa. Bango na wanke da sifirit. Na shanya su a rana. Abin da na kakkaɓe daga ciki ya kusa cika roba, na zuba a rami na cinna wuta. Sati biyu ban ɗaga kai ba. Da na gama, laburaren nan yana warin asibiti.

Baƙuwar ta zo, sai na ga ashe Nkechi ce, 'yar wani tsohon direban jirgi a unguwarmu. A gabanmu ta tashi, Hausarta ta fi tawa. Ta rusuna ta ce, "Ankul, ina kwana, ya ƙarfin jiki?" Yarinya mai ladabi, ban hana ta wannan ba. Ta sa safar hannu, ta ɗauko littafi na farko, ta buɗe, ta shinshina. Ta ɗauko na biyu. Ta ɗauko na uku. Sai ta zauna a ƙasa.

"Ankul, wa ya taɓa littattafan nan?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Ni ne, 'yata. Ba komai, aikinmu ne."

"Ina dattin?"

"Wane datti?"

"Yatsun mutane! Man! Abin da suka bari a ciki!"

Na nuna mata ramin ta taga. Har lokacin yana ɗan hayaƙi.

Sai da ta sha ruwa sannan ta yi mini bayani. Wai ita mai zane ce, amma ba da fenti ba. Wai duk wanda ya taɓa littafi yana barin wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, irin waɗanda a asibiti ake ce wa ƙwayoyin cuta, amma wai yawancinsu ba sa cutar kowa. Tana shafo su da auduga, ta sa a faifan gilashi mai wani abu kamar agidi a ciki, ta rufe, ta ajiye a wuri mai ɗumi. Su ci agidin su yi girma, su fito kala-kala kamar furanni, ta ɗauki hoto. Wai ta haka ake ganin mutanen da suka karanta littafin ko sun mutu. Daga Legas ta taso saboda dattin fastoci na shekara da shekaru, ni kuma na ƙone shi.

Na ce, "To me ya sa ba a ce mini datti ake so ba? Da na ƙara miki."

Ta gwada duk da haka. Abin da ta shafo daga shafuka ya fito ɗan ɗigo nan, ɗan ɗigo can, kamar gonar da fari ya kama. Sai wata rana ta zo ta tarar ina aiki. Ta ga na lakaci koko na ɗanɗana na shafa. Ta ga na jiƙa zare na ciza. Idonta ya buɗe. Ta zura audugarta can cikin gadon bayan wani littafi, wurin ɗinki, inda sifirit bai kai ba. Bayan 'yan kwanaki ta shigo a guje tana tsalle kamar wadda ta ci jarrabawa.

"Ankul! Kana cikin kowane littafi! Duk laburaren nan kai ne!"

Ban ɓoye muku ba, maganar ta yi mini daɗi. Ba wanda ya taɓa faɗa mini haka. Don haka da ta kawo babban faifai ta ce in ɗora tafin hannuna a kan agidin, kada in wanke, na ɗora. Na danna sosai ma, yadda nake danna bango. Ta ce ta ɗauki na wasu ɗalibai ma, amma ba ta sa suna, lamba kawai. Na ce ni ba lamba ba ne, ta sa sunana cikakke da manyan baƙaƙe. I, ni na ce. Amma mutum in zai sa hannu a abu, ai ana nuna masa yadda zai fito. Furanni ta ce mini. Ni furanni na sani irin na bakin ofishin shugaban makaranta.

Ranar yaye ɗalibai aka buɗe nunin hotunan Nkechi a babban zaure. Na sa kaftanina na Kirsimeti. Na zo da matata Hannatu, na gayyaci 'yan zumuntar mata, na gayyaci Baba Rabaran na majami'armu da dattawa, da bakina. Muka shiga. Hotuna ƙanana sun jeru a gefe, ba laifi, wasu kamar zanen atamfa. Sai can a bangon tsakiya, ga shi.

Hannu ne, yatsu biyar, ba musu. Amma kamar hannun wanda aka tono bayan wata uku. Tafin ya yi kore. Tsakanin yatsu rawaya mai ƙyalli kamar majina. Babban yatsa, wanda nake ɗanɗana koko da shi, ya yi kumburi da baƙin gashi, har wani jan abu yana tsiro a kai kamar tukkun zakara. A ƙasa da manyan baƙaƙe, yadda na roƙa: HANNUN BABA DOGARA, MAI GYARAN LITTATTAFAI.

Jama'a suka tsaya suna kallo. Sai wata tsohuwa 'yar zumunta ta ce, "Yesu na! Da wannan ne yana yanka mana burodi?"

Hannatu ta dubi hoton, ta dubi hannuna, ta matsa gefe kaɗan. Matar da muka haifi 'ya'ya biyar. Nkechi tana can gaba da makirfo tana Turanci, wai wannan shi ne hoton ƙauna da sadaukarwa, wai hannu ɗaya ya riƙe laburare duka. Baƙin da suka zo daga Abuja suna tafi. Mutanenmu kuwa ba Turancin suke ji ba, babban yatsan suke kallo. Kafin yamma hoton ya shiga kowace waya. Wani ɗan'uwana da ke Kasuwan Magani ya kira yana tambaya ko an yanke hannun ko tukuna.

Washegari na miƙa wa mai shayi hannu, ya dunƙule nasa ya ɗaga sama ya ce, "Baba, daga nan ma ya isa." 'Yan acaɓa suka sa mini Baba Jams, wato ƙwayoyin cuta da Turanci. Masu sayen kunun Hannatu suka fara tambaya ko ina taya ta damawa, har ta kafa mini doka kada in bi ta bakin madafa in akwai mutane. Sai Baba Rabaran ya kira ni ofis, ya ba ni kujera mai nisa.

"Ɗan'uwa Dogara, ka yi wa Ubangiji hidima da aminci."

"Ina kan yi, Baba."

"Dattawa sun ga ya kamata ka huta kaɗan. Saboda masu raunin bangaskiya."

"Baba, shekarun nan duka wa ya taɓa yin gudawa?"

"Ba a ce an yi ba. Amma ka san mutane, abin da ido ya gani."

Aka ba wani dattijo mai sayar da taya aikin yankan. Da safar leda yake yankawa. Wani gutsuren kamar ƙwayar masara, wani kamar rabin bulo. Ina zaune ina kallo mutane suna zaɓe a faranti kamar masu sayen tumatir.

Nkechi kuwa ta naɗe hotunanta ta wuce. Na ji an ce hannuna ya je Legas, ya je har ƙasar waje. Ni ko Abuja ban taɓa kwana ba.

Sai da Kirsimeti Nkechi ta zo gaida babanta, ta shigo sujada. Na bari aka tashi. A bakin ƙofa na tare ta, inda Baba Rabaran yake tsayawa yana gaisawa da jama'a, don kowa ya ji. Na zayyana mata duk abin da ya faru, tun daga mai shayi har mai taya. Gaskiya ta girgiza, har idonta ya kawo ruwa. Ta ce ba ta sani ba. Ta juya ta ɗaga murya da Hausa.

"Jama'a, ku ji! Abin da kuka gani a hannun Ankul yana hannun kowa! Yana nawa, yana na Baba Rabaran, yana na jaririn da aka haifa jiya! Ba cuta ba ne! Hannun nan ya fi na yawancinmu tsabta!"

Ta kama hannuna da hannu biyu ta riƙe gam, ta ɗaga sama kamar na ci dambe. Mutane suka fara gyaɗa kai. Tsohuwar nan ta zumunta ta ce, "To, in haka ne." Na ga Baba Rabaran ya dubi dattawa, ya fara zaro nasa hannun daga cikin riga. Saura ƙiris.

Sai Nkechi ta sake ni. Tana cikin magana, tana murmushi, hannunta ya shiga jaka da kansa, ya fito da 'yar kwalbar nan ta man kashe ƙwayoyin cuta. Ta matsa, ta murza tafi da baya, har tsakanin yatsu. Na yarda ba ta san ta yi ba, sabon aikinsu ne. Amma ido ɗari ya gani. Hannun Baba Rabaran ya koma cikin riga.

Ta bi idon mutane ta dubi kwalbar. Ta ce, "Ankul, ba haka ba ne, na rantse, ni ko kuɗi na taɓa—"

Na ce, "Tsaya, Nkechi. Kin yi naki, bari in yi nawa. Kin zo neman datti, na yi miki shara, kika yi kuka. Na ba ki hannu, kika kai shi ƙasar Turawa, kika bar ni da kunya a Kafanchan. Yau kin zo wanke ni, kin ƙare da wanke kanki. To ba na son haƙuri, ba na son hawaye. Ki je ki dafa agidinki mai yawa. Ranar Lahadi ki kafa tebur a nan bakin ƙofa, kowa ya dangwala, daga Baba Rabaran har mai taya da safarsa. Ki rataye su a jere, kowa da sunansa da manyan baƙaƙe, naki a farko. Sannan a zaɓi wanda zai yanka burodi. Kuma miƙo mini kwalbar nan. Kin riƙe ni da hannu biyu, ni kuma ban san inda kika sa su ba."